Usur ɗin Am Hasuna

Rana ba ta gama leƙowa ta kan itatuwan zaitun na bayan garin Jammal ba Munjiya ta ɗumama mai a ɗan kasko, ta zauna a tabarma, ta ce wa mijinta ya miƙo ƙafar.

"Wacce?" in ji Am Hasuna, wato Baffa Hasuna, kamar yadda kowa ke kiransa.

"Wadda ta sa ka kwana kana nishi."

"Ai dukansu ne."

"To miƙo wadda ta fi rashin kunya."

Ya miƙo ta hagu. Gwiwar ta yi suntum kamar ƙullin burodin da ya tashi. Munjiya ta shafa man zaitun, ta murza har ya cije leɓe, sannan ta naɗe ta da bandeji tam.

"Yau ne Lutfi zai zo?"

"Yau ne."

"Ikon Allah. Yaron da ka koya wa riƙe usur, shi zai zauna da biro ya duba ko ka iya busa usur."

"Ba yaro ba ne yanzu, Munjiya. Har furfura gare shi. Si Lutfi ake ce masa, don girmamawa."

"Ni dai na san shi yana cin kuskus a gidan nan, miya har gwiwar hannu."

Ya janyo jakarsa kusa. Takardar hukuma tana aljihunta tun makonni uku. Hukumar wasan zari-ruga ta yankin ta ce duk alƙalin wasan da ya haura hamsin da biyar, sai an zo an kalli aikinsa wuni guda a gasar makarantu kafin a sabunta masa kati. Shi shekararsa hamsin da tara. In Lutfi ya sa hannu yau, ya sami wata shekarar. In bai sa ba, shi da fili sai kallo daga bayan waya.

Shekara talatin da ɗaya Hasuna ya yi a masaƙa, a tsakanin injina masu ƙara, har kunnensa na hagu ya toshe. A can babu mai jin abin da ya faɗa, shi ma ba ya jin na kowa. Amma tun yana saurayi yake buga zari-ruga irin ta asali, ta mutum goma sha biyar kowane ɓangare, kuma a sahun gaba yake, inda ƙarti ke haɗa kai da kafaɗa su yi ta turereniya a kan ƙwallon nan mai siffar ƙwai. Can ya baro kyawun kunnuwansa. Duk sun nannaɗe kamar busasshen ɓaure. Da kafaɗa ta gaza, sai ya ɗauki usur. Shekara ashirin da shida ke nan. Mutumin da ba a jin muryarsa daga Litinin zuwa Juma'a, ran Asabar in ya hura iska sau ɗaya, ƙarti talatin su tsaya cak.

Kowa ya san a zari-ruga ba a yi wa alƙali musu. Amma Am Hasuna ya kai abin wani wuri. Duk ɗan wasan da ya buɗe baki bayan an busa, ko da "amma" ce kawai ta fito, zai ɗaga yatsa ɗaya. In bakin bai rufu ba, ya kora ƙungiyar baya mita goma. Waɗanda ya yi wa haka suna samari yanzu su ne iyayen yara, kuma kafin su sa 'ya'yansu a mota sukan ce, "In tsohon nan mai kunnen ɓaure ne, ko ya ce rana wata ce, ka ce to."

Daga baya makarantu suka koma wasan 'yan bakwai-bakwai, don ba kowace makaranta ke iya tara goma sha biyar ba. Fili dai shi ne, bai ragu ba, mutane ne suka ragu. Minti bakwai, a juya, minti bakwai, an gama, wasu su shigo. Babu wata turereniyar kirki, sai gudu kamar an saki zomaye. Hasuna bai taɓa son sa ba. Ya dai haddace 'yan dokokin da suka bambanta, ya ci gaba. Da gwiwa ta fara ba shi matsala sai ya ƙirƙiro dabara: ya daina bin ƙwallo. Yakan dubi kafaɗun yara ya gane inda za ta, ya yanke ta gajeriyar hanya ya riga ta isa. Shekara biyar dabarar tana rufa masa asiri.

Da ya isa filin gari, motocin makarantu sun riga sun jeru, daga Msakin, daga Muknin, har daga bakin teku. Yara maza da mata ko'ina, ana ɗaure takalma, ana kaɗa ganga. A ƙarƙashin rumfar bakin ƙofa Shadli yana juya tukunyar lablabi, waken nan da ake zubawa a kan gutsuttsuren burodi da yaji. Tare suka yi sahun gaba a zamaninsu.

"A'a! Ga gwamnati ta iso!" in ji Shadli. "Hasuna, wannan tafiya haka? Ƙafa ɗaya na gaisuwa, ɗaya na bankwana."

"Kai dai juya wakenka."

"In ajiye maka kwano, ko in ajiye maka kujera?"

"Ajiye wa bakinka murfi."

"Wallahi ka dawo nan mu zauna. Kai ka yanka burodi, ni in zuba. Ka ga ai usur ɗin ma zai yi amfani, mu riƙa kiran masu saye."

Si Lutfi yana teburin gasa da allon rubutu a hannu. Da ya hango shi ya taso da sauri, ya sumbace shi a kumatu biyu, ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Am Hasuna. Ya jiki? Ya Khalti, innata Munjiya?"

"Tana gaishe ka. Ta ce ka daina cin kuskus da hannu biyu."

Lutfi ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. "Am, akwai 'yar matsala. Alƙalai biyar aka rubuta, uku suka zo. Ɗaya yana gona, zaitun ya nuna, ɗaya matarsa ta haihu. Wasa takwas ne zai faɗo kanka. In ka ga ya yi yawa, sauran biyun matasa ne, za su iya..."

"Takwas aka ce?"

"Takwas."

"To takwas."

Wasan farko da na biyu suka tafi sumul. Yaran ƙananan aji ne, gudunsu bai wuce inda ido ke kaiwa ba. A na uku wani dogon yaro daga Muknin ya karɓi ƙwallo tun daga bakin layinsu, ya yi kamar zai yi dama, Hasuna ya yanke dama, yaron ya yi hagu. Sanda ya dire ƙwallon a bayan layin ci, alƙali yana tsakiyar fili yana haki. Ya busa daga can. Ya saci kallon teburi: Lutfi ya sunkuya yana rubutu.

A na huɗu bandejin ya fara saki. A na biyar ya daina jin gwiwar gaba ɗaya, abin da ya fi ciwon ba shi tsoro. Ba zafin rana ba ne, don sanyin hunturu ake, iska na kaɗowa daga teku. Gajiya ce irin wadda ke taruwa a bayan idanu. Tsakanin wasa da wasa minti uku ne kacal: ya kurɓi ruwa, ya sa hannu a takardar sakamako, ya ji sababbin yara bakwai-bakwai sun shigo da ƙafafu sababbi ful, kamar ba a taɓa gudu a duniya ba.

Da azahar aka tsaya. Ya yi salla a zaune a bayan rumfar Shadli, karo na farko a rayuwarsa da ya yi ta a zaune a gaban mutane. Shadli ya gani, ya turo masa kwano da ƙwai a kai.

Lutfi ya zo ya tsuguna kusa da kunnensa na dama. "Am, saura uku. Na kusa da ƙarshe na 'yan mata ne ke biye. Yaran nan akwai gudu. Bari in ba wa ɗaya daga cikin matasan."

"Ka rubuta a takardarka cewa na kasa?"

"Ban ce haka ba."

"To me za ka rubuta? Ya yi biyar ya zauna cin wake?"

Lutfi ya shafa kai. "Allah ya ba ka haƙuri, Am."

Masu koriyar riga da masu jar riga ne suka shigo. Korayen daga wata makarantar ƙauye suke, can cikin gonaki, wannan ne zuwansu na farko wannan mataki. Kyaftin ɗinsu Nurhan, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ta ɗaure ɗankwalinta tam a ƙarƙashin hular wasa. Mahaifinta ya buga a gaban Hasuna shekaru da suka wuce, ya sha korar mita goma har ya gaji.

Wasan ya yi zafi. Koraye suka ci sau biyu, suka buga na ƙari duka biyun, ci maki biyar, bugun ƙari biyu, maki goma sha huɗu ke nan. Jajaye suna da bakwai. Hasuna yana ta yanke hanya, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya busa daga nesa. Numfashinsa ya koma kamar zuga-zugi. Saura ƙasa da minti ɗaya wata siririya cikin jajaye ta sulale ta gefen layi ta dire ƙwallon a can kusurwa. Goma sha biyu. Bugun ƙarin ya bauɗe. Koraye na gaba da maki biyu, saura daƙiƙa ashirin.

A wasan 'yan bakwai, ƙungiyar da ta ci ita ke buga ƙwallo daga tsakiya ta aika wa wadda aka ci. Wato jajaye za su buga, koraye su cafe, su ɗan riƙe, lokaci ya cika, su harba ta waje, sun yi nasara. A wasan 'yan goma sha biyar kuwa akasin haka ne: wanda aka ci shi ke bugawa.

Hasuna ya tako zuwa tsakiya da ƙwallon a hammata. Idonsa na ganin ɗigo-ɗigo. Ba tunani ya yi ba. Hannun da ya shekara ashirin yana miƙa ƙwallo ga wanda aka ci, shi ya miƙa wa Nurhan.

Ta tsaya da ƙwallon a hannu tana kallonsa.

"Am..." in ji ta.

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Amma, Am, ai mu..."

Yatsan bai sauka ba. Ɗaya hannun ya fara nuna baya, wajen mita goma. Ta rufe baki. Malamin korayen yana ta tsalle a bakin layi yana ihu, amma ta gefen kunnen hagu yake, ga ganga, ga kuma shekara ashirin da shida na rashin sauraron bakin layi. Jajaye ma sun dubi juna, kyaftin ɗinsu ta buɗe baki, ta dubi yatsan, ta ja 'yan'uwanta suka koma baya suka jira.

Nurhan ta buga. Jajaye suka cafe. Hannu zuwa hannu, hannu zuwa hannu, lokaci ya cika amma ƙwallo ba ta mutu ba, siririyar nan ta sake samun gefen layi. Goma sha bakwai da goma sha huɗu. Ya busa tashi.

Yaran suka jeru suna ba shi hannu kamar yadda aka saba. Nurhan ce ta ƙarshe. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi kuka ba.

"Mun gode, alƙali," in ji ta. Sai ta matso ta gefen kunnensa na dama, don mahaifinta ya gaya mata wanne ne ke ji. "An tashi yanzu, ko? Zan iya magana?"

"Yi."

"Mu aka ci, Am. Su ya kamata su buga."

Ta wuce. Hasuna ya tsaya a tsakiyar fili da usur a baki. Ya mai da abin baya a ransa, ya ga kusurwa, ya ga bugun da ya bauɗe, ya ga hannunsa. Sai ya ji gwiwar ta dawo, da dukan ciwonta.

Malamin korayen ya riga shi isa teburi, yana magana da hannuwa biyu. Lutfi ya saurare shi har ya gama, ya ce masa abin da kowa ya sani: in alƙali ya busa tashi, sakamako ya zauna. Malamin ya juyo ya ga Hasuna, ya buɗe baki, sai kuma ya girgiza kai ya tafi. Shi ma ya taɓa shan mita goma.

Hasuna ya zauna a benci. Lutfi ya zauna kusa da shi, allon a kan cinya.

"Ka gani?" in ji Hasuna.

"Na gani."

"Me ya hana ka tsayar da ni?"

"Na miƙe, Am. Wallahi na miƙe. Sai na ga yatsan."

A fili an fara kiran ƙungiyoyin maza.

"Duba nan," in ji Lutfi, ya karkato allon. "Takardar gida huɗu ce. Gudu, tsayuwa a inda ya dace, riƙe 'yan wasa, sanin doka. Sanin doka kuwa, wa zai ce ba ka sani ba? Kai ka koya mana. Kuskure ne na gajiya, wasa na shida, kowa na iya yi. Zan iya rubuta a bar ka a wasannin ƙananan yara. Shekara ɗaya. Babu wanda zai ce uffan."

Hasuna ya dubi takardar. Shekara ɗaya. Asabar arba'in, ko fiye. Ya tuna gidan da rana, Munjiya na ɗaki tana ɗinki, shi yana zaune a ƙofa yana kallon motoci.

"Kuskuren kowa na iya yi," in ji shi. "Amma yarinyar ta gaya mini, Lutfi. Sau biyu. Mutum goma sha huɗu a fili sun sani, kai ka sani, mai ganga ma ina jin ya sani. Da wani alƙalin ne, da an gyara a daƙiƙa biyu."

"To ai sai ka riƙa saurare."

"Da wane kunnen?" Ya ɗan yi murmushi. "Na gaji, ɗana. Tun wasa na uku na gaji. Tun bara ma. Rubuta abin da ka gani."

Lutfi ya daɗe yana juya biro. Sannan ya rubuta, a hankali, bai ɗago ba. Da ya gama ya sauke numfashi, kuma Hasuna ya gane cewa tun safe mutumin nan yake ɗauke da wannan numfashin.

Korayen suna zaune a inuwar motarsu, sun cire takalma, ana raba lemo. Da suka ga yana ɗingisowa sai hira ta mutu. Ya tsaya a gabansu, bai san yadda ake fara irin wannan magana ba, don bai taɓa yi ba.

"'Ya'yana," in ji shi. "Ku kuka ci wasan nan. Ni na ƙwace muku. Ba zan iya mayar muku ba. Ku yafe mini."

Wata ta sunkuyar da kai tana ɓare lemo. Wata ƙarama daga baya ta ce, "Kofin fa, Am? Shi ma yafewa za mu yi?" Aka zungure ta.

"Ƙyale ta," in ji Hasuna. "Yau kowa ya yi magana."

"To in haka ne," in ji Nurhan, "cin farko da jajaye suka yi ma, ƙwallon gaba aka jefa ta, kuma doka ta hana. Kana can nesa."

"Ina can nesa," ya amsa.

"Kuma Babana ya ce mita goman da ka kore shi a wasan Msakin, ba shi ya yi magana ba. Na bayansa ne."

"Wace shekara?"

"Kafin a haife ni."

"Ki ce masa shi ma ya yafe."

Wasu suka yi dariya, ba duka ba. Nurhan ta miƙo masa rabin lemo, ba tare da ta dube shi ba. Ya karɓa.

Wasa biyun da suka rage masa matasan alƙalan suka raba. Amma a na ƙarshe babu mai riƙe tuta a bakin layi, Lutfi ya zo yana sosa ƙeya. Hasuna ya karɓi tutar. Ya yi minti goma sha huɗu yana ɗingishi sama da ƙasa a gaban rumfar Shadli.

"Gwamnati ta sauka, an ba ta tuta!" in ji Shadli. "Hasuna, kujerar nan tana nan fa. Wuƙar burodi ma na wasa ta."

"Wakenka ya yi gishiri yau."

"A'a, bakinka ne. Ka ga yanzu ni ma zan iya yi maka musu."

La'asar sakaliya ya isa gida. Munjiya ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙafar. Ta zaunar da shi a tabarma ta fara warware bandejin, wanda ya yi baƙi da ƙasa.

"Lutfi yana gaishe ki," in ji shi.

"Ya sa hannun?"

"Ya rubuta abin da ya gani."

Ta ci gaba da warwarewa. "Yayana yana neman hannu a gona ran Asabar," in ji ta. "Ba hawa tsani ba. Tsince ganye daga cikin zaitun, a zaune."

"A zaune."

"A zaune. Sai dai matan wurin akwai surutu, kuma babu mai yi musu yatsa."

Ya jingina da bango ya rufe ido. Usur ɗin yana rataye a wuyansa har yanzu, ya manta bai cire ba.

"Ɗumama man," in ji shi. "Yau ta daman ce ta fi rashin kunya."